Kada ka goge sunan tashar da ba ka san dalilinta ba

Ka tambaye ni ko za ka iya goge sunayen da ka tarar a oba-oban gwanjon nan na 'yan kwana-kwanan Amurka, su VCALL10 da VTAC11, ka sa masu daɗin karantawa. Goge su, ai lasisin can ba ya aiki a nan. Amma tsaya ka san abin da kake gogewa, domin ku yaran yanzu da kun ga kwamfuta da waya sai hannu ya fara ƙaiƙayi.

Ranar 11 ga Satumba 2001 a New York, bayan harin da aka kai wa tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, hasumiyar kudu ta rushe da ƙarfe 9:59. Jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu yana sama, ya ga ta arewa ma ta fara ba da kai, ya sanar. 'Yan sanda suka ji, da yawansu suka fito. 'Yan kwana-kwana kuwa rediyonsu daban, tasharsu daban, gargaɗin jirgin bai shiga kunnensu ba. Ga kuma tasharsu ta cushe da murya, ga bene mai hawa 110 yana cinye sigina. Da ƙarfe 10:28 ita ma ta faɗi. Mutum 343 hukumar kashe gobara ta rasa a wunin. Har yau abin yana ci mini rai, don ba na'ura ce ta yi ƙaranci ba. Kowace hukuma ce ta shirya tashoshinta ita kaɗai, kamar ba gari ɗaya suke tsaro ba.

Kuma ko mita, wato lambar da tasha take kai, ta zo ɗaya, sunan tasha kan raba su. Wannan gundumar ta kira tashar "Ja", maƙwabciyarta ta kira ta "Tasha ta 5", a filin gobara kwamanda ya ce a koma Ja, baƙi su yi ta murɗa maɓalli. Shi ya sa aka fito da suna ɗaya ga ƙasa duka, ya zama ƙa'ida a 2010. Harafin farko zangon mita ne: V na VHF, U na UHF, 7 da 8 na megahaz 700 da 800. Na tsakiya aiki ne, CALL ta kira, TAC ta aikin fili, FIRE ta gobara, LAW ta 'yan sanda, MED ta motar asibiti. Lambar ƙarshe ba ta maimaituwa, saboda in allon rediyo ƙarami ne ya yanke suna, lambar kaɗai ta isa. VCALL10 tana kan megahaz 155.7525, VTAC11 kan 151.1375, VFIRE21 kan 154.2800. In ka ga D a ƙarshen suna, rediyo da rediyo ne kai tsaye, ba a bi ta rifita ba, wato na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa shi.

Yadda ake haɗa waya da buɗe manhaja ba zan faɗa maka ba, wannan ko almajirin jiya ya iya.

Inda ake faɗawa rami shi ne sautin kulle, wato CTCSS, ɓoyayyen sautin da rediyo ke jira kafin ya buɗe lasifika. Tashoshin haɗin gwiwar nan suna aikawa da CTCSS 156.7, amma a ɓangaren karɓa a buɗe ake barin su. Ka kulle karɓa, wanda ya zo da tsohon rediyo mara sautin zai yi ta ihu, fitilarka tana haske, lasifika shiru. Sai faɗin tasha. Tun 1 ga Janairu 2013 Amurka ta tilasta kilohaz 12.5 a VHF da UHF maimakon 25. Ka bar rediyo ɗaya a faɗi, muryarsa za ta fashe a kunnen sauran, tasu kuma ta zo masa can ƙasa-ƙasa, a ce batir ne, alhali kai ne.

Jerin maɓalli ma ba wasa ba ne. Mai safar hannu cikin hayaƙi ba ya ganin allo, ƙirga ƙas-ƙas yake. In tasha ta uku ce a rediyon wannan, ta uku ce a na kowa. Hukumomi da yawa suna sa babbar tashar a gurbi na 1 da na 16, duk inda mutum ya murɗa har ƙurewa ya faɗa kanta.

Saboda haka fayil ɗaya za ka yi wa kowane samfuri, ka rubuta masa kwanan wata, daga shi za ka zuba wa duka. Kafin ka taɓa na gwanjon nan, karanto abin da ke cikinsu ka adana, ka kawo mini takardar mitar da aka ba mai kayan in gani da idona.