Farfelar ƙarfe ko ta alminiyam ga motar ɗaukar kaya?

Malam, ka ce farfelar Hilux ɗinka, wato dogon bututun da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta lanƙwashe a hanyar Gujungu, kana tambaya ko ka saka ta alminiyam tunda an ce ta fi sauƙin nauyi. Ni dai shawarata, ka tsaya a kan ta ƙarfe.

Gaskiya ne alminiyam bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe ba, kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Amma don ya ɗauki ƙarfin injin, sai an yi bututunsa da kauri, ka ga ya ƙara kusantar ƙasa. Ka tuna hanyoyinmu da damina: kwari, kututturen itace a cikin taɓo, ga buhunan riɗi ko shinkafa sun danne bayan mota. Dutse ɗaya ya doki alminiyam sai ya loɓa, motar ta kama karkarwa da ka ɗan taka wuta, daga nan kuros, wato mahaɗin da ke bakin farfelar, ya fara ci.

Babbar matsalar ma gyara ce. Ta ƙarfe, mai walda na garinku zai iya ɗinke maka ita ka lallaɓa gida. Alminiyam kuwa sai mai injin walda na musamman, wanda da wuya ka samu a ƙauye.

Ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar a hannu, a gwada tsawo daidai, ka sa bakanike ya duba daidaiton juyawarta kafin a ɗaura. Kuma don Allah ka riƙa yi wa kuros ɗin giris.