Tsohon Suzukin Baba Zai Tashi? Kuma Mai Tsoro Zai Iya Hawansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Gumel. Da aka raba gadon mahaifinmu, tsohon babur ɗinsa Suzuki 100 ya faɗo a rabona. Ya fi shekara goma a jingine a ɗakin da muke ajiye hatsi. 'Yan'uwa sun ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta, amma zuciyata ta ƙi. Ga makarantar da nake koyarwa da nisa. Sai dai ban iya babur ba. Na taɓa gwada na abokina, yashi ya kayar da ni, salansa ta ƙona min ƙafa, tun daga ranar gabana faɗuwa yake yi in na kama kan mashin. Shin wannan babur zai gyaru? Kuma mai tsoro irina zai iya koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ƙanena, kada ka sayar. Kuma kafin komai ina roƙon ka abu ɗaya: kada ka bari kowa ya buga masa kik. Na san da an fito da shi tsakar gida samarin unguwa za su taru, wani ya kawo fetur a gora ya ce a gwada a gani. Ka hana. Injin da ya shekara goma bai juya ba, silindarsa a bushe take, ringin fistin ya manne, wataƙila tsatsa ta kama bangon ciki. Bugu ɗaya da ƙarfi yana iya karya ringi ya karce silinda, gyaran da zai tsaya a kuɗi kaɗan ya koma na sauke inji.

Abin da ke hannunka shi ne Suzuki A100. Japan ta fara ƙera shi a shekarun 1960, a nan gida kuma kamfanin Boulos da ke Legas ne ya yi suna wajen harhaɗa baburan Suzuki. Da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi musu, a 1975, shi da Yamaha 100 da Honda Benly da Basfa ne suka cika hanyoyin Arewa, malaman makaranta da malaman gona da na asibiti kowa da nasa. Injinsa cc 98 ne, silinda ɗaya, giya huɗu, nauyinsa bai kai kilo 100 ba, kuma irin mai ƙona fetur tare da baƙin mai ne, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Ba shi da bawul irin na baburan yanzu, ba shi da sarƙar taimin, ba shi da kwamfuta. A ganina wannan sauƙin ne babbar sa'arka, domin duk abin da ke cikinsa za ka iya ganinsa da idonka ka fahimce shi.

Abu uku ne za su nuna ko ya cancanci a kashe masa kuɗi. A duba firam, wato ƙarfen da ke riƙe da jikin babur, musamman wuyansa inda kai yake juyawa, ko akwai tsagewa ko tsohuwar walda. A cire fulogi, a zuba kananzir haɗe da baƙin mai kamar cokali biyu ta ramin, a bar shi ya kwana biyu ko uku, sannan a danna kik da hannu, a hankali, a ji ko fistin yana motsi. Sai a buɗe murfin magneto, wato ƙarfen da ke juyawa a gefen inji yana ba da wuta, a kama magneton a girgiza sama da ƙasa. In yana wasa, boris ɗin kiransha, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, ya tafi. Firam lafiya, fistin na motsi, to sauran duk mai sauƙi ne. In ma fistin ya ƙi, kada a doke shi da guduma. A ƙara jiƙa shi, a ba shi mako.

Ka nemi tsohon bakanike, wanda ya yi zamani da kwantak da kwandansa, wato kayan da ke sarrafa wutar fulogi a tsofaffin injina. A Gumel ko Haɗeja ba za a rasa ba. Yaran yanzu da yawa sun ƙware a kan Bajaj da Jincheng, amma ba su taɓa saita kwantak ba, kuma abin da mutum bai sani ba cire shi yake yi ya jefar. Sharaɗin da za ka gindaya masa shi ne kana zaune ake aikin, kai ne mai miƙa sifana, kai ne mai wanke kaya a cikin kananzir. Ba don ka tsare shi nake faɗin haka ba. Rabin tsoron sabon mahayi daga rashin sanin abin da ke ƙarƙashinsa yake zuwa. Wanda ya ga yadda wayar kuloci take raba faranti da faranti, ya ja liba ya ga abin yana motsi, ba zai ƙara ɗaukar babur a matsayin dabbar da ke zabura don ganin dama ba.

Tunda a ɗakin hatsi ya zauna, ka sa rai ɓeraye sun yi gida a akwatin iska, sun cinye soson da ke tace ƙura, sun ɗan taɓa wayoyin wuta. Ka leƙa bakin salansa, sau da yawa za ka tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka ya toshe ta, ga tsohon baƙin mai da ya daskare ya zama gawayi. Injin irin wannan in salansarsa ta toshe ba ya ja ko kaɗan, ko da komai nasa sabo ne. Tankin kuwa za ka ji yana warin tsohon fenti, fetur ɗin da aka bari ya zama danƙo ja. A zuba ƙananan notina da kananzir a girgiza sosai har tsatsar ta saki, a wanke, a shanya, a sa 'yar matatar mai a jikin tiyo. Kafireto, mai haɗa fetur da iska, a wannan babur ba a bayan silinda take ba, tana ɓoye a cikin murfin inji ta gefen dama. A warware ta gaba ɗaya, a busa ƙananan ramukanta da iska. Kada a zura musu allura, domin ramin yana faɗaɗa, babur ya koma shan mai.

Ga wurin da na fi so ka kasa kunne. Suzuki 100 yana da tankin baƙin mai daban, da ɗan famfo da ke aika man cikin inji daidai da yadda ka murɗa totur. Al'adar garejinmu ita ce a cire famfon a ce ka riƙa haɗa mai da fetur a tanki. Ban yarda da wannan ba in dai famfon yana aiki, saboda a tsarin Suzuki famfon ne ke kai mai har ga boris ɗin kiransha. A wanke shi, a sa sababbin tiyo, a fitar da iskar da ke ciki, a zuba man 2T na gaske, wato baƙin man da aka yi don irin wannan inji, ba ragowar baƙin man mota ba. A tankin farko kaɗai za ka ɗan haɗa 2T a cikin fetur, har ka tabbatar man da ke ɗan tankin yana raguwa. Haka kuma robobin da ke toshe gefe biyu na kiransha, ko sun yi kyau a ido a canza su. Roba mai shekaru haka ta bushe, tana barin iska ta shiga, inji ya yi zafi, fistin ya kama kana tsakiyar tafiya. Tazarar kwantak tsakanin milimita 0.3 da 0.4 ce, ta fulogi 0.6 zuwa 0.7. Wutarsa bolt 6 ce, kada a ɗaura masa batir mai 12. Kayan da aka rasa a kusa, Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano ne wurin nema, kuma ka tafi da tsohon a hannu don a gwada.

Fenti shi ne na ƙarshe, in ma ka ga dama ka bar masa launin da Baba ya san shi da shi. Kuɗinka na farko ya tafi ga taya, tib, takalman birki, wayoyin birki da na kuloci, da sarƙa. Tsohuwar taya tana iya nuna zane mai kyau alhali ta ƙandare, ba ta kama ƙasa. A jikin sabuwa akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta; ka duba kafin ka biya. Sarƙa ta riƙa wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ka binciki akwatin Baba ko tsohon rasit yana nan, a gwada da lambar firam, a sabunta takardu, kai ma ka nemi lasin ajin A, wanda shi ne na babur.

To, batun tsoro. Ƙanena, ban ɗauke shi aibi ba. Masu ba ni tsoro su ne waɗanda suka hau yau, gobe suka saki hannu. Faɗuwar da ka yi ma tana da dalili, kuma ina iya faɗa maka yadda ta faru ko da ban gani ba: tayar gaba ta shiga yashi, kai ya fara rawa, ka ƙanƙame shi, ka saki totur, ka kalli ƙasa, wataƙila ka damƙi birkin hannu. Duk wanda ya yi waɗannan a cikin yashi zai faɗi, ko ya shekara talatin yana hawa. Ba halinka ba ne, darasi ne da ba a koya maka ba.

Ka fara da inji a kashe. Ka tura babur ɗin a filin makarantarku bayan an tashi, ka juya shi hagu da dama, ka ja birkin hannu da yatsu a hankali ka ji yadda yake tsayawa. Ka zauna a kai, ka karkata shi kaɗan ka ji inda nauyinsa yake. Ka haddace tsarin giyarsa da ƙafarka, don na tsofaffin babura yakan bambanta da na yanzu. Sai a tayar. Ka sa giya ta ɗaya, ƙafafunka biyu a ƙasa, ka riƙa sakin kuloci kaɗan-kaɗan har ka ji mashin ya fara jan ka, sai ka sake damƙewa. Ka yi ta yin haka, taku biyu ka tsaya, taku biyu ka tsaya, har hannunka na hagu ya san wurin ba tare da ka yi tunani ba. Ka riƙe wannan da kyau: duk lokacin da ka rikice, ka damƙe kuloci. Ko inji yana ihu, in kuloci na damƙe ƙarfinsa ba ya kaiwa ga taya. Wanda ya san yana da wannan mafita a tafin hannunsa, gabansa yakan daina faɗuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan sai zagaye mai faɗi, sai siffar lamba 8, sai tsayawa a kan layin da ka ja da sanda. Idonka ya kasance inda kake son zuwa, domin babur yana bin ido. In ka zuba wa kututture ido, shi za ka doka. Mutum ɗaya mai haƙuri ya isa ya tsaya maka, ba taron 'yan kallo masu sowa ba. A kan ƙasa mai tauri da kwalta, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, a matsa shi a hankali tare da na ƙafa. Ka kuma sani cewa inji irin naka ba ya riƙe babur sosai in ka saki totur, don haka da birki za ka dogara.

Yashi shi ne jarrabawar mutumin Jigawa, kuma dole ka koma masa da gangan. Ka nemi gajeren wuri mai yashi marar zurfi. Ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka sa giya ta biyu, ka matsa baya kaɗan a kan kujera, ka matse tanki da gwiwoyi, ka sassauta kafaɗu, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, idonka can gaba. Kai zai yi rawa, ka ƙyale shi, da kansa yake daidaita. Birkin hannu kuwa kada ka taɓa shi a ciki. In ya yi zurfi, sauke ƙafafu ka taka da shi, ba abin kunya ba ne.

Hular kwano ba don jami'an kiyaye haɗurra za ka sa ba, ko da yake tun 1 ga Janairun 2009 suka fara tilasta ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa sa ta daidai yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. A ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita ce ke fara tashi. Ka sa takalmi rufaffe da dogon wando mai kauri, wannan ne maganin ƙunar salansa. In ka sa babbar riga, ka tattare ta ka zauna a kai, don sarƙa da tayar baya suna cafke tufa.

In an sa sabon ringi, injin yana bukatar kamar kilomita 500 na tafiya a hankali kafin a matsa masa, ka ga bukatarsa ta zo daidai da taka. Ka yi su a hanyar makaranta da safe. Ka guji titin Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa ce, manyan motocin shanu ba sa ganin ɗan koyo. Ka guji tafiyar dare, fitilar bolt 6 ba ta haska nesa, ga amalanken shanu da ba su da wuta a baya. In garke yana tsallaka hanya ka tsaya cak har ya wuce. Lokacin hunturu ka riƙa wanke soson iska a kai a kai saboda ƙura. Goyo kuma, ko na ɗalibinka ne da ya makara, ka ba shi haƙuri har sai ka cika waɗannan kilomita 500 kai kaɗai, kuma ka ga kana ratsa yashin bakin garinku ba tare da ka sauke ƙafa ba.