Amsa: yadda binciken jami'a ke shiga manufar gwamnati, da abin dubawa kafin haɗin gwiwa da ƙasashen waje

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce jami'arku ta sa hannu a takardun fahimtar juna da jami'o'in waje masu yawa, kowane taro sai an ambaci muradun ci gaba mai ɗorewa, amma har yanzu ba ka ga inda abin ya taɓa manomi ko majinyaci ba. Ka kuma tambaya me sashenku zai kula da shi kafin ya shiga irin wannan haɗin gwiwa. Hanyar da bincike ke bi ya zama manufa tana nan, sai dai doguwa ce, kuma takardar fahimtar juna ba ta cikin matakanta. Wannan takarda ba ta ɗauke da kuɗi, ba ta ɗaure kowa. Aiki yana farawa ne ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar tallafi mai kasafi, mai wa'adi, mai sunan jagoran bincike.

Muradun nan 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, da wa'adin 2030, gwamnatoci ne suka ɗauki alkawarinsu. A Najeriya akwai ofishin babban mai taimaka wa shugaban ƙasa a kansu, kuma ƙasar ta kai rahoton bitar kanta a 2017 da 2020. Jami'a ba ta yin doka, ba ta rabon taki, ba ta gina asibiti. Abin da ke hannunta uku ne: hujja, ƙwararrun mutane, da wani abu da aka gwada aka ga yana aiki. In kana son ganin yadda waɗannan ke isa ga jama'a, dubi labarin wake a Samaru.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta faro ne a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga duk suna cikin amfanin gonar da aka ɗora mata alhakin ingantawa, shi ya sa kake jin sunayen iri kamar SAMSORG, SAMMAZ, SAMPEA, SAMNUT da SAMCOT. Babbar matsalar manomin wake ita ce tsutsar Maruca, wadda ke shiga fure da kwanso ta cinye tun wake bai nuna ba. Don tsoronta manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya, kuɗi na tafiya, guba na shiga jiki da abinci. An daɗe ana neman irin wake mai jure mata ta hanyar barbara ta gargajiya ba a samu ba. Sai aka yi haɗin gwiwa: cibiyar CSIRO ta Ostareliya ta sanya ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar a cikin wake, gidauniyar AATF mai hedkwata a Nairobi ta riƙe lasisi da tsarin aikin, hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta ba da kuɗi, masu binciken IAR ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka mayar da halin cikin irin da manomanmu suka riga suka sani, wato SAMPEA 10.

Yanzu lura da lokaci. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. Dokar da ta kafa hukumar NBMA mai sa ido kan abubuwan da aka sauya wa halitta ba ta samu ba sai 2015. Hukumar ta ba da izini a Janairun 2019, kwamitin ƙasa mai raɗa wa iri suna da sakinsa, wanda ke zama a cibiyar adana albarkatun halittu ta NACGRAB a Ibadan, ya saki sabon waken da sunan SAMPEA 20-T a Disambar 2019, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Shekara goma sha biyu ke nan, alhali yawancin tallafin bincike na shekara uku ne zuwa biyar. A nan ayyuka da yawa ke mutuwa: kuɗin ya ƙare a tsakiyar hanya, ɗalibai sun samu digirinsu, an wallafa takardu, iri yana kwance a firij. Ko kana goyon bayan irin da aka sauya wa halitta ko kana adawa da shi, muhawara ce ta daban kuma tana da muhimmanci, amma matakan da ya bi su ne kowane sabon iri ke bi, in ka cire na NBMA.

Sakin iri ma ba shi ne ƙarshe ba. Cibiya ce ke riƙe da irin asali, ɗan kaɗan ne. Daga shi ake ninka irin tushe, daga nan kamfanonin iri su noma wanda hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, za ta tantance ta sa masa lamba. Kowane mataki damina guda yake ci, sai dai in an yi noman rani. In babu wanda ya sa kuɗin ninka irin tushe a kasafi, manomi zai ji labari a rediyo, ya je kasuwa ya tarar babu, wani kuma ya auna masa waken ci a leda ya ce shi ne. Sannan sai malamin gona ya san abin da zai faɗa: wannan wake tsutsar Maruca kaɗai yake karewa, ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, don haka feshi biyu na nan daram, kuma ba ya hana ƙwaro huda wake a ajiya. Na ajiya maganinsa daban, shi ne buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda shi ma ya fito ne daga haɗin gwiwar Jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike a Marwa ta arewacin Kamaru. Ana matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Leda ɗaya ta huje, aikin ya ɓaci. Manomin da ba a yi wa wannan bayani ba zai ce malaman jami'a sun yaudare shi, kuma yana da gaskiya.

To, batun manufa. Ma'aikaci a ma'aikata ba ya karanta mujallar kimiyya. Abin da ke isa teburin babban sakatare shi ne takarda mai shafi biyu: ga matsala, ga abin da aka gwada a ƙananan hukumomi kaza, ga kuɗin da zai ci a kowace hekta ko kowane majinyaci, ga matakin da ake so a ɗauka. Lokaci ma yana da muhimmanci. Tun tsakiyar shekara ma'aikatu ke fara tsara kasafin baɗi, wanda ya kai shawararsa a Disamba sai ya jira wata shekarar. Akwai kuma majalisun ƙasa na noma da na lafiya, inda minista da kwamishinonin jihohi ke zama su duba takardun da aka gabatar. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa darakta ɗaya daga ma'aikata, ko wani daga hukuma irin KNARDA, ta raya noma da karkara a Jihar Kano, cikin kwamitin aikin tun ranar farko, ya je gona ya gani da idonsa. Wanda aka gayyata ranar rufe taro kawai zai karɓi rahoto ya ajiye.

Abin da za ku duba kafin sa hannu, na farko shi ne tambayar binciken ta wace ce. In an aiko muku da takardar neman tallafi a kammale, saura mako guda a rufe, ana neman sa hannunku kawai, to aikinku tattara samfuri ne, ba bincike ba. Ku nemi a rubuta ta tare, a ga sunan jagora daga ɓangarenku, a kuma yi yarjejeniya tun farko kan jerin sunayen marubuta.

Sai kasafi, kuma nan ne aka fi cutuwa. Ku nemi kason gudanarwa, wato kuɗin wuta, ruwa, akanta da gyaran kayan aiki. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, kashi 8 cikin ɗari take ba cibiyoyin waje, Gidauniyar Gates takan kai har 15 ga jami'o'in da ba na Amurka ba. Wanda bai nema ba ba a ba shi. Ku tabbata an rubuta kasafin da kuɗin mai bayarwa, ba da naira ba. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda aka ƙulla masa yarjejeniya da naira alhali sinadaransa daga waje yake saye, aikinsa ya tsaya. Ku zauna da ofishin ma'ajin jami'a tun kafin kuɗi ya iso, ku san asusun da zai shiga da kwanakin da fitarwa ke ɗauka, domin damina ba ta jira. Kuɗin shuka da ya fito a Satumba ya kashe shekara guda. Ku kuma sa sharaɗin abin da zai faru in mai bayarwa ya janye. Ba zato ba ne: Birtaniya ta zaftare tallafin bincikenta na ƙasashe masu tasowa a 2021 ana tsakiyar ayyuka, Amurka kuma ta dakatar da ayyukan USAID a farkon 2025. Wa zai biya ɗalibin da ke shekara ta biyu a digirin digirgir? A rubuta.

Samfuri da bayanai kuwa, kada jini, ƙasa ko iri ya fita ba tare da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfuri ba, wadda ta faɗi abin da za a yi da shi, wanda ya mallake shi, da rabon amfanin da ya biyo baya, kamar yadda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada kan albarkatun halittu. In binciken ya shafi mutane, izinin kwamitin ɗa'ar bincike na gida wajibi ne ko da abokan hulɗa sun samu nasu a can, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. A Kano ba a wasa da wannan, domin mutane ba su manta gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Takardar neman yarda a rubuta ta da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, a karanta mata, a bar mata kwafi.

Game da kayan aiki, na'ura ba ta da amfani in babu wuta. Firij mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili in ya mutu kwana ɗaya, samfurin shekara uku ya tafi. Ku sa sola da batura, kwantiragin gyara, da horar da ma'aikacin ɗakin gwaji a cikin kasafin, ko da za a rage yawan na'urorin.

In sashenku bai taɓa riƙe tallafi ba, kada ku fara da neman na waje. Ku nemi na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko na cikin jami'a ko na asusun bincike na ƙasa, ku gama aikin, ku rufe lissafi tsaf, domin masu bayarwa na waje tarihin riƙon kuɗi suke fara tambaya. Sannan ku leƙa maƙwabta. Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, tana cikin cibiyoyi goma na Najeriya da suka shiga shirin Bankin Duniya na ƙarfafa cibiyoyin bincike a jami'o'in Afirka a 2014, inda aka riƙa sakin kuɗi gwargwadon sakamako: yawan ɗaliban digiri na biyu da na uku, waɗanda suka zo daga ƙasashen maƙwabta, tantance kwasa-kwasai, da kuɗin da cibiya ta samo da kanta. Cibiyoyin binciken noma na duniya, IITA da ICRISAT, duk suna da tasha a Kano, cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS kuma tana Zariya in kuna neman hanyar isa ga malaman gona. Ku je da shafi ɗaya mai ɗauke da tambayarku, wurin da za ku yi aikin, da abin da kuka riga kuka tattara. In ka faɗi fannin sashenku, Malam, za a fi sanin ƙofar da ta dace ku fara ƙwanƙwasawa.