Yini ɗaya a Jidda da yara a lokacin sanyi

Hajiya, kin ce bayan Umara a Janairu kuna da yini ɗaya a Jidda, ina za ki kai yara? Kun dace da lokaci, zafin garin ya sauka.

Ku fara da Fakieh Aquarium su ga kifayen Bahar Maliya, da ƙyar za ki fito da su. Bayan la'asar ku sauka bakin teku, ku shimfiɗa darduma kamar 'yan gari, ku yi magariba a Masallacin Rahma da aka gina a kan ruwa. Da dare ku hau mota zuwa fanfon Sarki Fahad, ruwansa yana tashi sama da mita 250, ga fitilu sun haska shi.

Don Allah ki riƙe musu rigar sanyi, iskar teku da dare tana da sanyi.