Zafi ya hana yarana barci: in gina na ƙasa in shafe shi da siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidan hayar da muke ciki na bulo ne da rufin kwano, babu silin. Daga Maris zuwa Mayu yarana ba sa barci, ga ƙurajen zafi, wuta kuma ba ta zama balle fanka ta taimaka. Allah ya hore mini fili a Funtuwa, ina son gina ɗaki uku. Mahaifina ya ce in yi na ƙasa, ni kuma ina tsoron ya rufta mana da damina. Magini ya ce idan aka shafe bangon da siminti an gama. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya. Maganar Baba tana kan hanya. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi nisa yake sako shi, lokacin da iska ta riga ta yi sanyi. Amma ka sani yawancin zafin da ke damun ku daga kwano yake saukowa. Don haka ka sa silin, ka bar tazarar akalla rabin mita tsakaninsa da kwano, ka buɗe ƙofofin iska a ɓangarori biyu na rufin, da raga saboda jemagu. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, tagogi biyu a kowane ɗaki suna kallon juna, yamma kuwa ka rage mata taga ka dasa darbejiya, nesa da tushe da kamar mita 5. Irin wannan rufin da aka ɗaga sama shi mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi wa makarantar Gando a Burkina Faso a 2001, kuma ya ci lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. Ribar ba ta tsaya a kanka ba: sarrafa siminti na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon dioxide da ke ɗumama duniya, ƙasa kuwa a unguwarku za a haƙo ta.

Yanzu maganar magininka. Wannan shafen simintin a kan bangon ƙasa yana cinye gidajen mutane, kuma kullum sai an ji wani yana tallarsa kamar magani. Siminti ba ya kama ƙasa. Rana ta buga shi ya miƙe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa kuma nata motsin daban, sai ƙananan tsagu su fito, wasu ido ma ba ya ganin su. Ruwan sama ya bi tsagar ya shiga. Damshin ƙasa kuma yana hawowa daga tushe. Da yaɓen ƙasa ne, rana ɗaya ko biyu bangon ya bushe. Siminti kuwa ya toshe hanyar fita, ruwan ya kwanta a ciki yana jiƙa tubali, mai gida yana kallon fenti sumul yana cewa gidansa lafiya. Ranar da gindin bangon ya kasa ɗaukar nauyi, a watan Agusta galibi, da dare kuma, a kan masu barci yake faɗowa. Abin takaici, sai a ce ginin ƙasa ne ba shi da aminci, wanda ya yi shafen kuma ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi wani gidan. Wasu ma kan kafa ƙusoshi ko ragar kaji wai don simintin ya kama. Ƙarfen zai yi tsatsa, ya kumbura, ya ƙara fasa bangon. Duk mai irin wannan shafe a gida ya ƙwanƙwasa bangon daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa; in ya ji amon rami, simintin ya rabu da ƙasar, a ɓamɓare shi tun kafin damina.

Hasumiyar masallacin Agadez, mai tsayin mita 27, da yaɓen ƙasa ake sabunta ta. Magabatanmu da makuba (ɓawon ɗorawa) da katsi (ragowar rini daga karofi) suke kare bango, suna fitar da ruwan soro ta indararo mai tsawo don kada ya zubo a gindin gini. Ba jahilci ya hana su wani abu ba, sun san halin ƙasa ne.

Abin da za ka yi: tushe na dutse ko kankare, ya ɗago santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa kafin tubalin farko. Bakin kwano ya zarce bango da santimita 60 ko fiye, musamman ta gabas, inda ruwa mai iska ya fi bugowa a ƙasarmu. Shafe kuma na ƙasa da makuba, ko farar ƙasa ɗaya da yashi uku, a duba shi duk shekara. Ka gyara gangaren tsakar gida ruwa ya bi magudana.

In kana son bango mai kyan gani da ba ya bukatar shafe, nemi masu injin matse jar ƙasa. Ana gauraya buhun siminti ɗaya da baro 8 zuwa 10 na ƙasar da aka tankaɗe, a matse, a rufe bulon da leda ana yayyafa ruwa, kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Da irinsa masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, wanda aka kammala a 2018. Kafin ka biya, ka jiƙa bulo ɗaya a bokiti ya kwana. In ya narke ko ya yi laushi, ƙasar ko gaurayen ba su yi ba, a sake.