Ku Tambayi Masana: Tura Mutum Sararin Samaniya, Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan batu ɗaya, wato maƙudan kuɗin da wasu ƙasashe ke kashewa wajen tura 'yan sama jannati. Injiniyoyin da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa tura mutum ya fi tura na'ura tsada, alhali duk roka ce ke ɗaukarsu. Me zan ce musu? Daga wani malamin sakandare a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara musu da maganar nauyi. Kafin kumbo ya zauna yana kewaya duniya sai gudunsa ya kai kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na nauyin roka a lokacin tashi duk makamashi ne. Rokar Saturn V da ta kai Amurkawa wata tana da nauyin kusan tan 2,900 idan an cika ta. Abin da take iya jefawa zuwa wata kimanin tan 45 ne, ɗan ɗakin da ke dawo da mutum uku gida kuwa bai kai tan 6 ba. Duk kilo ɗaya da aka ƙara a saman roka, sai an ƙara masa makamashi mai yawa a ƙasanta.

To mutum kaya ne mai jawo wasu kaya. A yini ɗaya yana buƙatar oksijin wajen giram 800, yana fitar da gurɓatacciyar iskar numfashi kusan kilo ɗaya, yana shan ruwa lita uku zuwa huɗu idan an haɗa da na cikin abinci. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke tafiya a tazarar kusan kilomita 400 daga ƙasa kuma ba ta rabu da mutane ba tun Nuwamban 2000, ana samar da oksijin ne ta hanyar raba ruwa gida biyu da wutar lantarki. Gurɓatacciyar iskar kuma wasu matatai ne ke tsotse ta. Fankoki ba sa tsayawa dare da rana, domin inda babu nauyi iska ba ta juyawa da kanta, wanda ya kwanta barci a lungu zai yi ta shaƙar abin da ya fitar har ya farka da ciwon kai.

Ruwa ma sake-sakensa ake yi. Ana tattara zufa da tururin numfashi daga iska, a tace fitsari ta hanyar dafa shi a kama tururin. A 2023 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa ta kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan. Amma ga irin matsalar da jikin mutum ke haifarwa: a 2009 injin tace fitsarin ya toshe, da aka bincika sai aka ga sinadarin kalsiyam ne ya daskare a cikinsa. Ƙashin 'yan sama jannati na zaizayewa a can, kalsiyam ɗin na fita ta fitsari fiye da yadda aka gani a gwajin da aka yi a ƙasa.

Sannan na'ura ba ta buƙatar dawowa. Mutum kuwa sai an tanadar masa garkuwar zafi, da lemar sauka, da ƙaramar rokar ceto idan babbar ta kama da wuta, kuma kowane muhimmin sashe sai an yi masa na biyu ko na uku. Shi ya sa motar bincike ta Perseverance da ke duniyar Mars ta ci kusan dala biliyan 2.7 gaba ɗayanta, yayin da babban mai binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta cewa harba rokar SLS da kumbon Orion, waɗanda aka ƙera don sake kai mutane wata, sau ɗaya tak zai ci dala biliyan 4.1.

Idan haka ne, mene ne mutum yake yi a can wanda na'ura ba za ta iya ba? Daga wata ɗalibar kimiyyar ƙasa a Kano.

Malama, tunda fanninki ne, ga misali daga cikinsa. A Disamban 1972 kumbon Apollo 17 ya kai Eugene Cernan da Harrison Schmitt wata, shi Schmitt masanin duwatsu ne. Cikin kwana uku suka yi tafiyar kusan kilomita 35 a motarsu, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 110. Suna cikin aiki Schmitt ya hango ƙasa mai launin lemo a bakin wani rami, ya tsaya ya haƙa ya ɗiba, daga baya aka gano ƙwayoyin gilashi ne da aman wuta ya watso tun zamanin da. Motar Opportunity kuwa ta shafe shekara 14 a Mars kafin ta yi kilomita 45. Ba laifin injinta ba ne. Saƙon rediyo na ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin, don haka ba a iya tuƙa ta kai tsaye. Sai a aika umarnin yini guda, a jira hotuna, a sake shawara.

Saukar Apollo shida sun kawo kilo 382 na samfurin wata. Na'urorin Tarayyar Sobiyet uku da suka yi irin wannan aiki, abin da suka kawo duka bai kai rabin kilo ba. Akwai kuma gyara. An harba madubin hangen nesa na Hubble a 1990 da kuskure a goge madubinsa, kuskuren da bai kai kaurin silin gashi ba amma ya sa hotuna dishi-dishi. A Disamban 1993 'yan sama jannati suka je suka sa masa na'urar gyara, aka kuma sake zuwa har sau huɗu zuwa 2009.

Duk da haka ba mu ce mutum ya yi nasara ba. Idan da yini za a auna, mutum ne gaba. Idan da dala za a auna, na'ura ta yi masa fintinkau. Shirin Apollo ya ci kusan dala biliyan 25 na wancan zamanin. China ta kwaso giram 1,731 daga wata a 2020, ta ƙara giram 1,935 daga bayan wata a 2024, ba tare da ta sa ran kowa a haɗari ba. Kowace tafiyar kumbon Shuttle, wanda shi ne ya riƙa kai masu gyaran Hubble, ta tashi kusan dala biliyan ɗaya da rabi idan aka raba kuɗin shirin duka. Akwai kuma wuraren da ɗan'adam ba zai taɓa takawa ba, kamar doron Zahra inda zafi ya haura digiri 450.

Ni dai a ganina almubazzaranci ne. Mutane na kwana da yunwa ana ƙona dukiya a sama. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Alhaji, ba kai ka fara faɗa ba. Ana jajiberin tashin Apollo 11 a Yulin 1969, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King a gwagwarmayar baƙaƙen fata, ya jagoranci talakawa da alfadarai zuwa ƙofar filin harba roka. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya shaida musu cewa da fasa tafiyar zai magance matsalolinsu da an fasa.

A lokacin ƙorafin yana da ƙarfi, domin a 1966 NASA na cin sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka. Yau kasafinta wajen dala biliyan 25 ne a shekara, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma ba duka ke tafiya wajen tura mutane ba. Masu kare shirin kan ce ai kuɗin a ƙasa ake kashe shi, albashin ma'aikata ne. Wannan hujja ba ta gamsar da mu ba, domin gina asibiti ma albashi yake biya.

Inda ɓarnar take a zahiri, a matsayinka na ɗan kasuwa za ka gane ta da sauri: tsarin kwangila. A tsohon tsari gwamnati na biyan kamfani duk abin da ya kashe, ta ɗora masa riba, don haka jinkiri ba ya cutar da shi. Haka aka ƙera SLS, wadda ta makara da shekaru, kuma ake yar da injinanta bayan kowace tafiya. A 2014 aka gwada ƙayyadadden farashi: Boeing ya karɓi kwangilar dala biliyan 4.2, SpaceX ya karɓi ta biliyan 2.6, kowa ya ƙera kumbon kai mutane tasha. Na SpaceX ya fara ɗaukar mutane a 2020, an ƙiyasta kujera ɗaya a dala miliyan 55, alhali Rasha ta kai ga karɓar sama da miliyan 80. Na Boeing ya tashi da mutum biyu a Yunin 2024, injinan sarrafa shi suka riƙa tsayawa, iskar hiliyam na yoyo, tafiyar kwana takwas ta koma wata tara, aka dawo da su a kumbon SpaceX. Asarar da ta haura kuɗin kwangila kuwa Boeing ne ya ɗauka, ba mai biyan haraji ba.

An ce tukunyar da abinci ba ya kamawa a cikinta, da kuma GPS, duk albarkacin 'yan sama jannati ne. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Hajiya, rabinsa ƙarin gishiri ne. Sinadarin Teflon da ke hana tukunya kamu an gano shi tun 1938, shekara 20 kafin a kafa NASA. GPS aikin sojan Amurka ne, taurarinsa ba sa ɗauke da kowa, haka na hasashen yanayi da na talabijin. Abin da za a iya jingina wa Apollo da gaske shi ne cewa kwamfutarsa ta sayi kaso babba na ƙananan ƙwayoyin lantarki da Amurka ta ƙera a farkon shekarun 1960, wanda ya taimaka wa masana'antar ta tsaya da ƙafarta.

Me zaman can ke yi wa jiki, kuma zuwa Mars mai yiwuwa ne? Daga wani ma'aikacin jinya a Yamai.

Ƙashin ƙugu na raguwa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a wata, shi ya sa ake motsa jiki kusan awa biyu kullum. Ruwan jiki na taruwa a kai, ya kumbura fuska, wasu ya taɓa musu gani. Babbar damuwa ita ce radiyeshan, wato haskoki marasa ganuwa masu illa ga jiki, waɗanda ake auna yawansu da ma'aunin milisibat. Mutum a ƙasa na samun kusan milisibat 3 a shekara, mai wata shida a tasha na samun wajen 100. Na'urar auno da ke jikin motar Curiosity da aka kai Mars ta nuna cewa zuwa Mars da dawowa kaɗai zai kai kusan 660, alhali iyakar da NASA ta sa wa ɗan sama jannati a duk rayuwar aikinsa 600 ce.

Hanyar Mars na buɗewa ne sau ɗaya a wata 26, tafiyar wata shida zuwa tara. Iskar can ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na tamu ba: ta isa ta ƙona kumbo, ba ta isa lema ta tsayar da shi ba. Abu mafi nauyi da aka taɓa saukarwa lafiya kusan tan ɗaya ne, mutane kuwa za su buƙaci tan 20 ko fiye. Mai yiwuwa ne, amma duk wanda ya yanka maka rana ka saurare shi da taka-tsantsan.

Haɗurran baya ma abin dubawa ne. A 1971 bawul ya buɗe a kumbon Soyuz 11, iska ta tsere, mutum uku suka mutu domin ba su sa rigar kariya ba. Shuttle ya yi tafiya 135, biyu suka hallaka da mutum 14. Challenger a 1986 zoben roba ne da sanyi ya sandarar ya kasa toshe mahaɗar roka. Columbia a 2003 ɓallen soso ne da bai kai kilo ɗaya ba ya fasa fiffiken hagu. Duka matsalolin biyu an sha ganinsu a tafiye-tafiyen baya, aka saba da su.

Ya kamata Najeriya ta tura nata ɗan sama jannatin? Daga wani mai karatu a Gusau.

Kujera ana sayenta, Malam. Malesiya ta samu ɗaya a Oktoban 2007 cikin cinikin jiragen yaƙi 18 da ta yi da Rasha, Sheikh Muszaphar Shukor ya tafi a ƙarshen Ramadan, har malaman ƙasar suka tsara masa yadda zai yi sallah a inda rana ke fitowa sau 16 a yini. Ya yi kwana goma sha ɗaya ya dawo, bai bar wa ƙasar masana'anta ba. Indiya ta bi wata hanya: tauraron ɗan'adam a 1975, rokar kanta a 1980, kumbo marar mutum zuwa Mars a 2014 da kusan dala miliyan 74, sai a 2018 ta amince da shirin tura mutum.

Namu ra'ayin, Najeriya ta bi sawun Indiya. Tana da hukumar sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta haɗin gwiwar ƙasashe kan binciken sararin samaniya a 2022, amma buƙatarta ta gaggawa taurari ne. Tauraronta na sadarwa NigComSat-1 ya mutu a 2008, wata 18 da harba shi, saboda matsalar faifan hasken rana. Wanda ya maye gurbinsa a 2011 an ƙera shi ne don shekara 15. NigeriaSat-2 mai ɗaukar hoton ƙasa, wanda irinsa ake bin ambaliya da gonaki da kwararowar hamada da shi, an harba shi a 2011 da wa'adin shekara bakwai. Kuɗin kujera ɗaya zai yi nisa wajen maye gurbin irin wannan tauraro da horar da waɗanda za su karanta hotunansa.