Amsar tambayar Kawu game da jirgin ruwan nan mai jan wili

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyalai baki ɗaya.

Saƙonka ya iso, kuma na gane har da faɗa a cikinsa. Ka ga hotunanmu a WhatsApp cikin wani jirgin ruwa mai hawa-hawa, ka ce an gaya maka irin waɗannan jirage gidajen caca ne da giya, sannan ka tambaya ina za mu je da shi da har aka kwashi mata da yara. Zan fara da ta ƙarshen, don ita ce mai sauƙi: babu inda muka je. Jirgin yana tashi daga bakin kogin Ohio a birnin Louisville na jihar Kentucky, ya haura kogin, ya juyo, ya sauke mu inda ya ɗauke mu bayan kamar awa biyu. Na san a Kano wannan zai zama abin dariya, a biya kuɗin mota a dawo tasha.

Sunansa Belle of Louisville. An ƙera shi a Pittsburgh a 1914, wato shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, kuma har yau da tururi yake tafiya. Ana dafa ruwa a manyan tukwanen ƙarfe, tururin ya tura wasu dogayen sanduna biyu, su kuma su juya ƙaton jan wilin nan mai allunan katako da ka gani a bayansa. Allunan ne ke dukan ruwa jirgin ya matsa gaba. Da can kwal ake ƙonawa, yanzu mai. An yi irin waɗannan jirage da faffaɗan gindi ne saboda kogunan nan suna da wurare marasa zurfi da tudun yashi, sai ka ga jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan mutane amma abin da ya nutse a ruwa bai kai tsayin mutum ba. A 1962 ya kusa komawa hannun masu yankan ƙarfe, hukumar yankin ta saye shi a gwanjo kan dala 34,000. Ka ga kenan na gwamnatin gari ne, ba na wani mai gidan caca ba. Mu ma ba baƙinsu ba ne gaba ɗaya: irinsu ne suka riƙa hawa Kwara da Binuwai zamanin Turawa, ta Lokoja zuwa Baro da Yola, kuma ta ruwa aka kai Baro kayan shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911.

Wanda ya ba ka labarin caca bai yi ƙarya ba, ya dai haɗa abu biyu ne. Daga wajen 1991 wasu jihohi, irin su Iowa da Illinois, suka yarda a yi caca amma a kan ruwa kawai. Sai masu harkar suka ƙera jirage da siffar na da, har da wilin ado, wasu ma ba sa barin gaɓa. Waɗannan ba ma shiga, kuma ba a barin yara su shiga. Giya kuwa ana sayar da ita a namu jirgin, ba zan ɓoye maka ba. A ƙasar nan da wuya ka sami wurin taruwar jama'a da babu ita, har jirgin saman da ya kawo mu. Abin da muke yi shi ne mu zaɓi tafiyar rana, lokacin da yawancin fasinjoji tsofaffi ne da masu yara. Ta dare, mai rawa da kiɗa, mun bar wa masu ita.

Akwai kuma babban yawon, wanda shi ne Amurkawa ke nufi idan suna maganar hutu a kogi. Mutum ya kama ɗaki a cikin jirgi mako guda ko fiye, daga New Orleans zuwa Memphis, ko daga St. Louis zuwa St. Paul, yana kwana yana tashi a kan kogin Mississippi, kowace safiya a tsaya wani gari. Kuɗinsa dubban daloli ne kan kowane mutum, kuma akasari waɗanda suka yi ritaya ne ke yi. A cikinmu ban ga mai sha'awa ba. Wanda ya tara irin wannan kuɗi, ko Umara zai tafi, ko ya kai yara gida su ga dangi, ko ya ƙarasa gininsa. Harkar ma ta yi rauni: Delta Queen, wanda aka gama a 1927, ya daina kwana da fasinja tun 2008 saboda dokar gobara, tunda samansa katako ne. American Queen, mafi girma a cikinsu, kamfaninsa ya rufe a Fabrairun 2024, aka yanka shi. Waɗanda ke yawon mako yanzu da injin dizal suke tafiya, ko da an maƙala musu wili.

To me ya kai mu? Kawu, zumunci a nan ba ya faruwa da kansa. Mu da ke birnin Columbus na jihar Ohio, Hausawan Kumasi da Nima na ƙasar Ghana sun fi yawa, sai mutanen Nijar, sai mu 'yan Najeriya. Wani direban babbar mota ne, wata tana kula da tsofaffi da dare, wani yana ɗaukar kaya a sito. Ranar Sallah ba hutu ba ce, ana sallame Idi rabin sahu ya ruga wurin aiki. Ko suna aka yi, sai ka ga mutum ya zo ya yi barka yana kallon agogo, kafin a raba goro ya ɓace. Amma idan aka janye gadar jirgi aka busa usur, shi kenan, ba mai fita sai an dawo. Awa biyu cur dattijo yana zaune kusa da saurayi, matan da ba sa haɗuwa sai a waya suna hira ido da ido. Ni a ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin tikiti. An taɓa sasanta wasu abokan kasuwanci biyu a saman benen nan, don babu inda ɗayan zai tashi ya tafi.

Yadda muke shiryawa ba wuya. Bayan Babbar Sallah ake sa Asabar ɗaya, kowane gida ya ba da nasa, a biya wa marayu da sababbin zuwa. Tafiyar mota ta fi awa uku, ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, don haka raka'a biyu muke yi. Da rani azahar a Louisville ba ta shiga sai wajen ƙarfe biyu saura, magariba kuma ta wuce tara na dare, saboda haka muna sauka daga jirgi da sauran lokaci mai yawa, mu shimfiɗa dadduma a filin ciyawar da ke bakin kogi. Alƙiblarmu arewa maso gabas take, abin da ke rikita duk baƙon da ya zo daga gida. A filin ne kuma ake buɗe kuloli: shinkafa da wake ta mutanen Kumasi da baƙin yajinsu, masa, dambun nama. Abincin cikin jirgi ba ma dogara da shi, don naman alade na yawan shiga girkin mutanen yankin.

Akwai abin da ya fi cin abinci muhimmanci, kuma shi ya sa ni kaina ba na fashi. Kogin nan shi ne iyaka a zamanin bauta: Kentucky ƙasar bayi, Ohio da Indiana da ke tsallake ƙasar 'yanci. Daga wannan gaɓa da muke hawa jirgi ake loda baƙaƙen fata a irin waɗannan jirage, a gangara da su kasuwar New Orleans da gonakin auduga, a raba uwa da ɗa. Masu yi wa fasinja bayani sun fi son labarin tsere da ƙawar jirage, kamar tseren 1870 tsakanin jiragen Natchez da Robert E. Lee, ko wanda ake yi kusan duk shekara a Louisville tun 1963 kafin babbar sukuwar dawakinsu ta watan Mayu. Mu kuwa muna nuna wa yaranmu ɗaya gaɓar, mu ce ga faɗin ruwan da mutane suka yi kasadar tsallakawa da dare. Yaran nan baƙaƙe ne a Amurka, komai Hausar da suke ji a gida, kuma gara su ji tarihin daga bakinmu. Daga nan da ƙafa ake takawa zuwa cibiyar Muhammad Ali, wadda aka buɗe a 2005 a bakin kogin. A garin aka haife shi a 1942, a nan aka yi masa sallar jana'iza a 2016. Dattawanmu da suka saurari damben Kinshasa a rediyo su ne ke daɗewa a ciki, sai an je an janyo su.

Ba kowa ya yarda ba. Muna da malami ɗaya da ba ya zuwa, ya ce ba zai zauna ƙarƙashin rufi ɗaya da kantin giya ba alhali ba lalura. Ba wanda ya yi masa musu, shi ma bai hana iyalan wasu ba, yakan ma ba da kuɗin marayu. Akwai kuma masu ƙorafin kiɗan da ake yi da wasu bututai da tururi ke busawa kafin a tashi, wanda ƙararsa ke kaiwa tsakiyar gari. Wannan kam ko don lafiyar kunne ina bayansu.

Jirgin ba ya aiki da hunturu. Idan Allah ya nufa bizarka ta fito, ka daidaita zuwanka tsakanin Mayu da Satumba, zan sauka da kai wurin injin ka ga sandunan da idonka, tunda ana barin fasinja su leƙa. A gaida Inna da su Yaya.